Mantau da Giyar da Ta Ƙi Kwanciya

Ku matso ku ji wannan tatsuniya, amma wanda dariya kaɗai ta kawo shi, ya rage wa hawaye wuri.

A wani ƙauyen Maguzawa da ake kira Gidan Ranau, can bayan duwatsu, an yi wata mata mai suna Tabawa, sana'arta dafa burkutu. Mijinta ya mutu ya bar mata ɗakuna biyu, da rumbu ɗaya, da gona a bakin fadama, ba ɗa ba jika. Wanda ke zaune da ita ƙanenta ne, Mantau. Mantau ba yaro ba ne, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa, ga ƙarfi kamar bijimi, shi kaɗai yake ɗaga randa cike da ruwa. Aibinsa guda ne: yadda magana ta fito daga bakinka, haka take shiga kansa ta zauna, ba ya juya ta, ba ya duba bayanta. Uwarsu da za ta mutu ta kama hannun Tabawa ta ce, "Ga ɗan'uwanki nan." Iyakar gadon da ta samu daga gidansu ke nan, shi da wata tsohuwar randa.

Akwai kuma Barau, ƙanen mijinta, wanda gonarsa ke iyaka da tata. Tun da aka binne wansa yake faɗa a gindin kuka, inda maza ke hira, cewa gona ba ta zama hannun mace da wawa, in damina ta faɗi ba a yi huɗa ba dangi za su karɓe abinsu. Hanya ɗaya ta rage wa Tabawa, ta kira gayya. A garin kuwa ba mai ɗaga garma a gonar wani sai ya ga tulun giya a inuwa.

Bazarar shekarar ta yi zafi fiye da kima, giya kuwa ba ta shiri da zafi. In an jiƙa dawa ta tsira, an shanya an niƙa, an dafa an tace, an zuba mata ɗan ragowar tsohuwa don ta tashi, kamata ya yi ta riƙa motsi a hankali kamar numfashin mai barci. Amma a wannan zafin sai ta haukace, ta yi ta tafasa ba wuta. Rabi ya bi kumfa ya zube ƙasa, rabin da ya saura ya yi tsami har ya gagari sha.

Wata rana Tabawa za ta daji itace, ta bar sabuwar giya tana aiki. Ta ce, "Mantau, ka sa ido a kan randar nan har in dawo." Ya ce, "To, Yaya." Tana fita ya durƙusa, ya kifa fuskarsa a bakin randa, ya buɗe ido. Kumfa ta taso ta shafe masa fuska, bai motsa ba. Ta wuce ta gefen kunnensa ta gangara ƙasa, bai motsa ba. Da Tabawa ta dawo ta tarar da ɗaki ya jiƙe, ga Mantau idanu sun kumbura sun yi jawur kamar gauta.

Ta ce, "Me ya hana ka ɗauki ludayi ka kwashe kumfar?"

Ya ce, "Ido kika ce, Yaya, ba ki ce hannu ba. Na dama na sa, da ya gaji na sa na hagu."

Ta wanke masa idanun da ruwan sanyi, tana wankewa tana zaginsa.

Wata rana kuma aka yi rasuwa a ƙauyen da ke gaba da su, ba yadda za ta yi sai ta je gaisuwa. Ta nuna masa babban tulu ta ce, "In ka ga ta tashi, ka kwantar da ita." Nufinta ya jiƙa buhu ya naɗe tulun, kamar yadda ya sha ganin tana yi. Da rana ta take, giya ta fara huci. Mantau ya shimfiɗa tabarma, ya rungumi tulu ya kwantar da shi a kan haƙarƙari, ya tura masa matashi, ya lulluɓe shi da zanen Tabawa na zuwa biki. Giya ta malale tsakar gida. Agwagin maƙwabta suka shigo suka sha, suka fita suna tangaɗi suna karo da danga. Tabawa na shigowa ya tare ta a ƙofa, yatsa a baki.

Ya ce, "Yi a hankali, Yaya. Ta kwanta, ko motsi ba ta yi."

Ta zaro muciya ta yi ta zuba masa a gadon baya. Ya tsaya bai kare ba, bai gudu ba, don ba a ce ya gudu ba. Da hannunta ya gaji ta hau rumbu ta leƙa. Dawa ta yi ƙasa, har tana hango daɓe ta gefe ɗaya.

Wata rana ruwan fari ya sauka, ƙasa ta yi laushi. Tabawa ta bi gida gida ta faɗi ranar gayyarta, ta dafa giya. Ana gobe gayya, ɗakin ya ɗau zafi kamar tanderu, giya ta fara halinta. Tabawa tana fama da surfe, ta ɗaga murya ta ce, "Mantau, fitar da tulun nan ta sha iska!" Shi kuwa shan iskar da ya sani shi ne wanda maza ke yi da la'asar, su zaga gari hannu a baya. Ya naɗa gammo ya ɗora tulu a ka, ya kama hanya. Yana tafiya tana girgiza, kumfa na bin wuyansa. Ya zaga da ita bayan maƙera, ya nuna mata turken shanu, har ya iso gindin kuka. Barau na zaune cikin maza.

Barau ya ce, "Mantau, ina za ka da kaya?"

Ya ce, "Giya na kawo shan iska. Yaya ce ta ce."

Barau ya dubi mutane, ya dubi tulu, ya ce, "Ai ta sha ta ƙoshi. Ba ka ga tana haki ba? Nauyi ne ya yi mata yawa. Sauke mu rage mata."

Ya sauke. Aka aika gida aka kawo ƙoƙuna, suka yi ta rage mata har sai da tulu ya yi ƙara. Mantau ya yi musu godiya, ya koma gida da tulu a hannu ɗaya, yana murna ta yi sauƙi. Washegari Tabawa ta tuƙa tuwon mutum da yawa, ta kai gona, ta zauna tana duban hanya har rana ta karkata. Ba wanda ya zo. Barau ne kaɗai ya leƙo ta kan iyaka ya ce, "Matar yaya, an ce gayya, amma ba mu ga tulu ba." Ta kwashe tuwonta ta koma. Kwana da kwanaki suna cin ɗumame ita da Mantau, har ya fara yauƙi ta zuba wa awaki.

Wata rana ta shiga rumbu da tsintsiya ta share ƙwayar da ta saura. Ta sake bin gidaje tana roƙon arziki, wasu suka ce to, wasu suka ce a ga tulu tukuna. Ta dafa ta ƙarshe, ta cika randar uwarsu, abin da ya ragu ta zuba a ƙananan tuluna biyu. Ana gobe gayya hadari ya haɗu ya ƙi zubowa, gari ya yi ɗif, ko ganye ba ya motsi. Ta randa ta fi haukacewa, tana gurnani kamar akwai abu mai rai a ciki. Tabawa ta ga in ba a rage mata ciki ba duk za ta fice. Ta ruga maƙwabta aron tukunya, tana fita tana cewa, "Maza ka raba ta biyu, ga ni nan!" Mantau ya ɗauko gatari, ya auna tsakiya sosai don kada wani ɓari ya fi wani, ya sara. Tabawa ta dawo da tukunyar aro ta tarar da randa ɓari biyu, giya ta bi rariya.

Ya ce, "Daidai na raba, Yaya. Duba ki gani."

Wannan karon ba ta nemi muciya ba. Ta ajiye tukunya, ta tsuguna, ta ɗauki ɓari ɗaya tana shafawa. Ga ƙananan tulunan a gefe su ma suna ta amai. Da ta buɗe baki muryarta ba ta ko tashi ba.

Ta ce, "Ka cinye mini dawa, ka cinye mini gona, ka cinye mini ƙuruciya. Na gaji, Mantau. Kai da giyar nan, ku je ku faɗa rijiya, in huta."

Ta shiga ɗaki ta ja asabari. Da yamma ta fito ba ta ga Mantau ba, ba ta ga tuluna ba. Ta ce a ranta ya kai wa su Barau ke nan. Ba ta neme shi ba, ba ta ajiye masa tuwo ba.

Da gari ya waye ta ji ihun mata daga fadama, wata yarinya ta zo a guje ta ce ta zo ta gani. A bakin fadama akwai rijiyar lambu mai faɗin baki, da ƴan matakai da aka sassaƙa a jikinta. Tabawa ta kutsa cikin mutane ta leƙa. Mantau na tsaye a ƙasa, ruwa har ƙirji, tulu ɗaya a kowace hammata, ya ɗaga bakunansu sama kada ruwa ya shiga. Leɓunansa sun yi fari, haƙora na karo, matsattsaku sun manne masa a kafaɗa. Da ya ga fuskarta ya yi murmushi.

Ya ce, "Mun faɗa, Yaya. Ban yi tsalle ba, kada su fashe. A hankali muka faɗa."

Ta ce, "Tun jiya kake cikin nan?"

Ya ce, "Ba ki ce mu fito ba."

Ta ce, "Fito, ƙanena. Fito."

Ya ƙi hawa sai da aka fara karɓar tulunan. Shi kansa sai da igiya aka jawo shi, don ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa.

Maza sun riga sun cika wurin kallo. Sarkin Noma, dattijon da ke jan gaba a kowace gayya, ya ɗaga faifan da ke bakin tulu don ya ga ɓarnar da aka yi. Sai ya ga giya ta kwanta lafiya, ƴar kumfa siririya a sama, tana motsi a hankali. Sanyin ruwa ya sauke mata haukan. Ya ɗiba da ƙoƙo ya kurɓa, ya sake kurɓa.

Ya ce, "Na rantse da aradu, rabon da in sha irin wannan tun ina saurayi. Kowa ya je ya ɗauko garmarsa."

Giyar ba ta da yawa, ƙoƙo ɗaya ake zagawa da shi, amma saboda ita kafin la'asar an huɗe gonar Tabawa kaf. Har Barau ya kama kunya ɗaya ya kai ta ƙarshe, ya sha rabonsa, yana faɗa wa na kusa da shi cewa shi ya daɗe da sanin dabarar nan, bai dai samu wanda zai gaya wa ba. Gona ta zauna hannun Tabawa. Daga shekarar, duk bazara matan Gidan Ranau sukan ɗaure tulunansu da igiya su zura cikin rijiyar lambu, giyarsu ba ta ƙara hauka ba.

Mantau kuwa sanyi ya shige masa haƙarƙari. Ya tashi daga baya, amma da tari, kuma bai sake iya ɗaga randa ba har ƙarshen ransa.

A ranar gayyar yana kwance a ɗaki, zazzaɓi na kaɗa shi, Tabawa ta bar baƙinta a gona ta zo tana gasa masa ƙirji da tsumma mai ɗumi. Iska na kawo musu kiɗan gangar noma da hayaniyar maza. Can wani ya ƙwala murya yana kwaikwayonsa, "Ba ki ce mu fito ba!" Gona ta ɗauka da shewa.

Mantau ya buɗe ido ya ce, "Yaya, wannan karon ma na ɓata ne?"

Ta ce, "Ba ka ɓata ba. Kai ka gyara."

Ya kasa kunne yana sauraron hayaniyar gonar. Sa'an nan ya ce, "To, me suke wa dariya?"

Tabawa ta buɗe baki, ta rasa kalmar da za ta faɗa masa wadda ba zai ɗauka yadda take ba. Ta tsoma tsumma cikin ruwan ɗumi, ta matse, ta sake ɗora masa a ƙirji.