Ranar da Shanu Suka Shigar da Motata Falgore

Ina ƙaramin akawu a Ƙaraye na sayi ƴar mota mai ƙofa biyu. Na sa bakanike ya yanke mata salansa, ya saka mata babban kafireto da faffaɗan tayoyi. Ya ce, "Yallaɓai, yanzu fa za ta sha mai." Na ce ƙaramar mota ai lasa take yi.

Wata Asabar na ɗauki surukina zuwa ɗaurin aure a Falgore, shi ne waliyyin amarya. Ya ce, "Malam, ba ma riƙe jarka ba?"

"Haba Baba, galan ɗaya ya kai mu ya dawo da mu."

Na yi ta taka ta don duniya ta ji rugugi. Muna wuce Rogo ta yi tari biyu, ta mutu murus. Baba agogonsa kawai ya duba.

Wani manomi ne ya ɗaura mana shanun huɗarsa. Haka muka shiga gari, ina riƙe da sitiyari, sanye da baƙin tabarau, liman yana danne dariya.

An ɗaura aure lafiya. Amma har yau in na je gaisuwa, sai Baba ya ce, "Malam, kafin ku juya a shayar da mota. Ga harawa can bisa rumfa."