Rasuwar Kaset ɗin Kyaftin Ƙanƙara

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, Loretta Wojcik ta garin Youngstown a Amurka take sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kaset ɗinta na bidiyo, wanda ya cika ranar Lahadi da la'asar a cikin injin da ya saba shiga, bayan doguwar jinya.

An haifi marigayin a Kirsimetin 1985, shekarar da masana'antar ƙarfe ta sallami mahaifinta, Casimir. A kansa aka naɗi katun ɗin Kyaftin Ƙanƙara, wani soja mai ceton Kirsimeti daga hannun mugun sarki. Casimir ne ya naɗe shi daga talabijin, yana durƙushe gaban injin, yatsa a kan maɓalli. Da an sako talla sai ya danne ya tsayar da naɗin, don kada yaransa su ga kayan wasan da ba zai iya saya musu ba.

Bawan Allah, ashe katun ɗin gaba ɗayansa talla ne. Masu ƙera kayan wasa ne suka shirya shi. Duk jarumin da ya leƙo, ga shi a kanti an yi shi da roba, duk motar da Kyaftin ya hau tana nan a kwali. Yaran suka yi ta roƙo har sabuwar shekara, uban yana fita waje yana tsayawa cikin sanyi. Loretta ba ta yafe wa mutanen nan ba, kuma ba ta da niyya.

Tsakani da Allah, marigayin ba wani kyau gare shi ba. Labarin shirme ne, waƙar kamar kukan tsohuwar ƙofa. Amma bai taɓa fashin Kirsimeti ba. Za a riƙa tunawa da gurnaninsa idan ana mayar da shi baya, da wata murya mai zaƙi ta talla da ke cewa, "Yara, maza ku je ku ce wa Baba..." sai ɗif, hoto ya yi tsalle. Casimir ya daɗe da rasuwa, bai bar murya ko hoto mai motsi ba. A tsallen nan kaɗai Loretta take ganin hannunsa.

Ciwon ya fara da layi-layi a fuskar Kyaftin, sannan murya ta soma ja, har injin ya tauna zaren ya tofo shi.

Ya rasu ya bar kwalinsa, da injin da ya yi ajalinsa, da Gordon ƙanin Loretta, wanda ya ce ta daina wahalar da kanta tunda katun ɗin yana intanet kyauta. Ta duba. Yana nan fes, har da tallarsa, ba tsalle ko ɗaya. Ta kashe, ta zauna ta yi kuka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a lambun gidan, gindin bishiyar tuffa, daga nan a shiga ciki a sha kofi. Ana roƙon masu ta'aziyya, musamman Gordon, su daina turo mata na intanet. A cikin wancan babu mai tare wa yara komai.