Yadda Za Ka Sayi Injin Fatsa Ka Fita Kunyar Suruki

Kai da surukinka ya tambaye ka, "Kana son su kuwa?" ka ɗauka jikokinsa yake nufi, ka ce, "Baba, ba ni da abin so a duniya kamar su," matso kusa. Kamun kifi yake nufi, malam, kuma ran Asabar zai jira ka a bakin ruwa. Shekara huɗu kana auren 'yarsa bai taɓa kiranka komai ba sai "kai wannan". Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka ji kunya ba.

Mataki na 1: Kada ka gyara magana

Bakin alƙalami ya bushe. Idan matarka ta ce, "Kai da ko kifin miya sai na cire maka ƙaya?" ka ce mata baiwa ce ka daɗe kana ɓoyewa.

Mataki na 2: Shiga shago da izza

Injin fatsa shi ne ɗan ƙarfen nan mai hannu da ake ɗaurawa a sanda, a murɗa ya naɗe zare. Kada ka tambaya, tambaya ta jahilai ce. Ɗauki ɗaya, kara a kunne, murɗa, ka gyaɗa kai kamar mai sayen kankana. Mai shago zai ce, "Yallaɓai, na kogi ko na tafki?" Ka ce, "Na ruwa." Idan ya ƙura maka ido, kwarjininka ne ya kama shi.

Mataki na 3: Zaɓi ja

Zai nuna maka wani ƙarami baƙi, ya ce ya ishi mai koyo. Wa ya ce masa koyo kake? Nuna ja ɗin can na saman kanta, mai ƙyalli, mai nauyin dutsen guga. Masana sun tabbatar kifi na girmama kaya mai tsada.

Mataki na 4: Takardar cikin kwali

Yar da ita.

Mataki na 5: Bakin ruwa

Za ka tarar da Baba zaune kan bokiti da tsohuwar gora da zare. Durƙusa ka gaishe shi, sannan ka miƙe ka wurga fatsa da iyakar ƙarfinka. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗagawa kafin a wurga, ashe a takardar nan aka rubuta. Ƙugiya za ta kama hularka, zare ya cukurkuɗe kamar gashin da ya shekara bai ga mataji ba. Ka ce iska ce.

Baba ba zai ɗago kai ba. Sai ya ciro kifi na uku zai ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma." Wallahi a lokacin za ka so ƙasa ta tsage. Daure.

Mataki na 6: Miƙa wuya

Zai karɓi injin, ya warware zaren a hankali, ya murɗa, ya yi murmushin da ba ka taɓa gani ba. "Ɗana," zai ce, "wannan ya fi ƙarfinka. Bar shi a wajena. Kai riƙe gwangwanin tana." Ka ji dai, ɗana ya ce. Idan idonka ya ciko, ka ce iskar ce dai.

Gargaɗi

Babu ruwana da abin da zai biyo baya. Ni da nake ba ka shawarar nan, shekara bakwai ke nan duk Asabar ina haƙa tana, jan injina yana hannun Baba, ban taɓa kama ko tarwaɗa ɗaya ba. Saboda haka duk ranar da suruki ya tambaye ka ko kana son su, don girman Allah ka ce, "Baba, su wa?"