Ƙungiyar da Ta Fi Riƙe Ƙwallo

Lokacin da nake aiki a unguwar Dokki, can ƙasar Larabawa, ɗana Nasiru ya kamu da son besbol, wasan Amurkawan nan da ake maka wa ƙwallo kulki. Da hutu ya zo, ƙungiyoyi biyu masu zuwa gasa har Iskandariya suka neme shi. Na ce a bar mini zaɓin, ai da kallon tamaula na girma.

Ranar da suka kara na je na zuba ido ina nazari. Masu jar riga sun cika fili, ƙwallo na hannunsu kusan duk yammacin. Masu shuɗiya kuwa suna benci suna ɓare gyaɗa. Nan take na ba masu ja sunan Nasiru.

"Baba, me ka gani?" in ji shi.

"Riƙe ƙwallo, yaro. Khalas, shi ke nan."

Ya dafe kai. "Baba, a wasan nan mai riƙe da ƙwallo shi ake ci!"

Kocin masu ja da aka lallasa har rungume ni ya yi.

Har yau in na daɗe da rimot ɗin talabijin a hannu, sai mahaifiyarsa ta ce, "Koci, miƙo haka nan, ana cin mu."