Kayan da Suka Haye Dahome

Wai da wane hannu na nuna wa mai jirgin nan kaya? Har yau ban sani ba.

Shekarar da aka sami mulkin kai muka bar babban gida a Bagudo, za mu koma ɗaki guda a Lolo. Na raba kayana kashi biyu, na tafiya da na kyauta ga ƙanwar Malam, maigidana, da ke aure a Dahome, wato ƙasar Benin ta yanzu. Malam ya ce in ɗaura wa ɗaya tsumma don shaida. Na ce, "Ni da na haɗa su zan manta?"

Mai jirgin ruwan da zai kai na kyautar ya zo, na nuna masa kashi ɗaya, ko waiwaye ban yi ba. Sai a Lolo na kwance kaya: fasassun ƙorai da tabarmar da gara ta ci. Tasoshin aurena da tukunyar mahaifiyata sun haye ruwa. Ƙanwar Malam ta aiko da godiya har da kuka. Ina bakin cewa a mayar?

Malam bai daina tsokanata ba har ciwon ajalinsa, Allah ya jiƙansa. Ina kuka a gefensa ya ce, "Tsohuwa, in sun zo ɗaukata, bari wani ya nuna musu ni."