Ranar Da Sabuwar Risiba Ta Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a gidanmu na Sabon Garin Jega ba. Na yi iyakar ƙoƙarina in manta, mutanen gidan ne suka ƙi ba ni haɗin kai.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne a lokacin. Ina koyarwa a wata sakandare a Aliero, in tafi da safe in dawo bayan azahar. Allah ya jarrabe ni da son a ce ni mutum ne mai tsanani. Ba na dariya a gaban ɗalibai, ina yawo da jarida a hammata ko da ta makon jiya ce, in ana hira kuma sai na bari kowa ya gama sannan in gyara murya in ce, "To, a ilmance dai..." (Matata Hadiza ta ce da farko ta ɗauka wani ciwo ne da zai wuce bayan aure. Bai wuce ba.)

Gidanmu na gandu ne. Baba yana da falonsa kusa da zaure, ni da Hadiza sashenmu yana manne da nasa, Inna kuma ɗakinta yana can ciki, inda matar ƙanena da ƙannena mata biyu suke wuni. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi min magana kai tsaye ba. In tana son wani abu daga wurina sai ta tsaya a tsakar gida ta faɗa wa iska, ni kuma in ɗauka.

Duk jama'ar nan risiba ɗaya gare mu, wato akwatin da ke kamo wa talabijin tashoshi daga dish, tsohuwa tukuf, sai an mare ta a gefe take kawo hoto. A ɗakin Inna take. Ƙarfe biyu na yi, mata za su taru a kan wani fim ɗin Indiya mai dogon zango da aka fassara da Hausa, labarin wata jaririya da aka musanya a asibiti. Ni kuma daidai lokacin nake dawowa da yunwa, in tarar tukunya na kan wuta ba mai kula da ita. Sai in tsaya a bakin ƙofa in fara faɗa: ɓata lokaci ne, lalata tarbiyya ne, a ilmance babu abin da ake ƙaruwa da shi.

Ga inda gaskiya take, tunda na yi niyyar faɗa. Bakina yana faɗa, idona yana kan talabijin. Faɗan da nake gamawa a minti biyar ya koma minti ashirin, daga baya ya zama ba na gamawa sai an sa kiɗan ƙarewa. Wallahi kafin wata guda na fi kowa a gidan sanin wace ce muguwa a cikin dangin nan.

Da tsohuwar risibar ta mutu gaba ɗaya, sai na ga dama ta samu. Na sayo sababbi guda uku. Ɗaya ta falon Baba, da rimot ɗinsa a hannunsa. Ɗaya tawa, babba, irin mai naɗar shiri a tasha ɗaya tana nuna maka wata. Ta ukun ta ɗakin Inna ce, amma na ce ba za ta zauna can ba. A falona za ta zauna, a ƙarƙashin tawa, doguwar waya ce za ta kai hoto ɗakin Inna, rimot kuma yana wurina. Labarai da wa'azi kawai. Na tara mata na sanar da su wannan doka ina tsaye, hannu a baya.

Hadiza ce kawai ta ce, "Har Inna za ka hana?"

Na ce, "Gyara ba ya zaɓen mutum."

Abokin aikina Malam Bitrus, mai koyar da kimiyya, yana taɓa aikin dish ranar Asabar. Shi ya zo ya hau rufi ya saita komai, ya ja wayoyi ta cikin bango. Da ya zo zai jona su na ce ya bari, sauran aikin ƙarami ne, ni zan ƙarasa. Ba na son ya tambaye ni dalilin da ya sa nake neman mai naɗar shiri.

Ya ce, "Malam, ramukan bayan akwatunan nan duk kama suke da juna. Ka jawo su waje ka duba da kyau kafin ka soka."

Na ce, "Malam Bitrus, ni ma fa na yi makaranta."

Ya ɗauki jakarsa ya tafi. Na durƙusa na zura hannu bayan kanta, ban jawo komai ba, ban duba komai ba, na laluba na ji rami na soka doguwar wayar. Na kunna akwatunan biyu, na sa kowanne a tashar labarai, na taka har ɗakin Inna na leƙa. Labarai tas! Na gyaɗa kai na dawo ina jin kaina.

Daga ranar na tsara rayuwata. Ƙarfe biyu na yi, risibata tana naɗar fim ɗin a ɓoye, a fili kuma tana nuna labarai. In na dawo daga sallar la'asar sai in ce ina da takardun jarrabawa da zan duba, kada wanda ya dame ni. In kulle ƙofa, in baza takardu a kan tebur saboda tsaro, in rage murya, in sha kallona. In na gama sai in mayar da ita tashar labarai don kada Hadiza ta gane.

Kwana biyun farko gidan ya yi tsit, ba mai gaishe ni da fara'a. Hadiza har ta kira babanta a Andarai ta kai ƙarata, ya ce zai biyo in ya kawo albasa kasuwa. Amma daga kwana na uku sai komai ya canza. Abinci yana jirana kafin in dawo. Shara, wanke-wanke, wanki, duk an gama kafin la'asar. Hadiza ta koma tambayata cikin ladabi, "Malam, yau ba ka da takardun dubawa?" In na ce akwai sai ta ce, "To Allah shi taimaka, ka je ka fara kada lokaci shi ƙure." Ranar da taron malamai ya riƙe ni har yamma, na dawo na tarar kowa ya ɗaure fuska, na ce a raina ashe haka suke kewata. Na je makaranta ina ba Malam Bitrus labari cewa gida ba ya son komai sai namiji mai tsayuwa.

Akwai ranar da aka nuna uwar yarinyar ta wuce ɗiyarta a bakin asibiti ba ta gane ta ba. Na mayar da wurin baya sau uku, ina share hawaye da hular kaina. Daidai lokacin na ji an yi "Wayyo!" baki ɗaya daga cikin gida. (Na rantse muku, abin da na ce shi ne akuya ta sake shiga madafa.)

Yanzu ga surukina. Alhaji manomin albasa ne, dogo, mai ƙarancin magana. Shekara shida ina auren ɗiyarsa, ban taɓa jin ya kira ni da komai ba sai "yaron nan". Duk jaridar da nake ɗauka da duk gyaran muryar da nake yi, rabinsu don shi ne. Babu abin da nake so kamar ranar da zai dube ni ya ga cikakken mutum.

Ranar da ya zo, ita ce ranar da likitan cikin fim ɗin zai faɗi gaskiyar wanda ya musanya jaririyar. Mako uku ina jiran wannan wurin. Likita ya cire tabarau, kiɗa ya tashi, ya buɗe baki, sai na ji sallama a ƙofata, da muryar Baba yana cewa, "Buɗe, ga Alhaji ya iso." Ta zaure suka shigo, mutanen cikin gida ba su san da zuwansa ba.

Na danna labarai da sauri, na goge fuska, na buɗe. Na durƙusa har ƙasa na kwashi gaisuwa. Alhaji ya zauna, ya dubi takardun da ke baje, ya dubi talabijin inda wani mai kwat yake bayani a kan takin zamani, ya dubi idona da suka yi ja.

Na ce, "Karatu ne, Alhaji. Rubutun yaran yanzu sai a hankali."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Hadiza ta kira ni tana ƙorahi. Na zo in hwaɗa mata da bakina, abin da kay yi daidai na. Gida sai da doka. Na yaba maka, Malam."

Malam! Jama'a, Malam ya ce. Na ji kaina ya yi girma har hula ta matse ni. Na sunkuyar da kai ina shirin cewa ai ba komai, a ilmance nauyi ne da ya rataya a wuyanmu.

Sai muryar Inna ta taso daga tsakar gida, da ƙarfi, tana faɗa wa iska kamar yadda ta saba:

"A hwaɗa ma mai akwati shi maido muna! Daidai wurin da likita za shi hwaɗi gaskiya anka kawo muna wani ƙato shina zancen taki!"

Kafin in gama fahimtar abin da kunnena ya ji, ƙanwata ta ɗora daga bakin taga: "Yaya, kuma don Allah yau kar ka yi ta maidawa baya sau uku, mun gane tun na farko!"

Mai kwat yana ta bayanin taki shi kaɗai. Alhaji ya juyo a hankali ya ce, "Wane akwati?"

Na buɗe baki. Na ce, "To, a ilmance..." A lokacin ne ƙwaƙwalwata ta koma ranar Asabar ɗin can, ina durƙushe ina lalube. A bayan risibata na soka wayar ɗakin Inna. Ta ƙasan, baiwar Allah, mako uku tana kunne tana nuna wa bango labarai. Duk abin da na kalla, duk inda na tsayar, duk inda na mayar baya, mata biyar suna can a kan tabarma suna bi na.

Na rarumi rimot in kashe komai. Garin sauri na danna inda bai kamata ba. Jerin abubuwan da na naɗa ya fito ɓaro-ɓaro a fuskar talabijin, da sunayen da na ba su da kaina: Jarrabawa Ta Ɗaya, Jarrabawa Ta Biyu, har ƙasa, kowace da ɗan hoton wata mata tana kuka. Na sake dannawa. Kiɗan Indiya ya cika falon, likita ya dawo da tabaransa a hannu.

Daga cikin gida aka ɗauka baki ɗaya: "Yauwa! Allah shi yi albarka!"

Baba mutum ne da ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba, amma ran nan dariya ya yi har hularsa ta faɗi, yana tari yana nuna ni da carbi. Alhaji bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya tsaya ya kalli talabijin ɗin na ɗan lokaci, ya kalli takardun, ya miƙe ya gyara babbar rigarsa.

Ya ce, "An ce min an hana kallo gidan ga. Ashe ba hanawa anka yi ba, ɗaukar nauyi anka yi." Ya dubi Baba ya ce, "Mu tahi waje, mu bar yaron nan shi ƙarasa jarrabawa."

Malantata ba ta kai minti biyar ba. Na zauna a ƙasa inda nake, kunya ta hana ni ko ɗaga kai. Abin haushin ma, har aka gama ban ji sunan da likitan ya faɗa ba.

Gab da magariba Hadiza ta shigo bayan ta raka babanta. Na tambaye ta tun yaushe suka sani. Ta ce tun kwana na uku, ranar da suka huce suka fara kunna talabijin, suna zaune hoto ya juya da kansa, suka ɗauka aljanu ne, sai da suka ga aljanin yana tsayar da fim in an ƙwanƙwasa min ƙofa. Inna ce ta hana kowa magana. Wai don kada a ba ni kunya, kuma don kada in gyara wayar.

Na ce, "Ke ma kika biye musu kuna yi min dariya."

Ta ce, "Ranar farko na yi dariya. Daga baya haushi na riƙa ji. Kana nan kana kuka kai kaɗai, ina can ina kuka, a kan abu guda. Da ka ce min kana so, ai da tare munka zauna."

Wannan ta fi maganar Alhaji shiga jikina, ko a ilmance ko a jahilce. Washegari na cire babbar risibar da hannuna na kai ta ɗakin Inna, na ajiye rimot a gefen gadonta, na samu wuri kusa da matata na zauna.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kada ka kafa wa mutanen gidanka dokar da kai za ka fara karyawa. In kuma ka ga lallai sai ka yi munafunci, to ɗan'uwa, ka nemi tocila ka leƙa bayan akwati tukuna.