Ruwan Yayen Asabe

"…da gajiyar hanya, maigida?"

Marka ce ke gaida jikanta Atiku, ko ido ba ta gama buɗewa ba. Tun hantsi take jingine da gindin bedi a ƙofar ɗakinta a Gwashi, rabi barci rabi tunanin da. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, ƙasa sai ƙamshi take yi. Atiku ya jingine kekensa, ya sauko da 'yarsa Asabe da ya kawo yaye, don a gidansu tsohuwa ce ke sa yaro ya manta nono.

"Babu gajiya, amarya. Wallahi na ɗauka tsohon buhu anka jingine."

"Buhun da kaka mutuwar so? Dubi miji, ya zaka hannu rabbana, ko goro babu."

"Goro da wane haƙori? Guda biyu sunka rage, su ma ba su ga maciji da juna."

Ya nufi randa, ya ɗaga faifan da ke bakinta, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙen.

"Amarya, wanga ruwa na ko kunun kanwa?"

"Ruwan tabkinmu na, marar kunya." Marka ta lumshe ido. In aka taɓo tabkin nan, sai tsohuwar ta yi tafiya tana zaune. "Da sassahe nika zuwa, in iske gajimare kwance ciki, in ɗebo su da ƙwaryata. Shi yas sa mafarkina ya hi na kowa daɗi. Can kakanka yaf fara ganina, da huren bado ga kunnena. Bai san sa'ad da yash shiga ruwa har wuya ba, da rigar aro."

"Santsi yak kwashe shi, ba ke ba. Taho ki gani, ga danginki nan ƙanana suna iyo ciki. A tace, a tafasa, haka anka ce ga rediyo. Duba-gari ma ya faɗi ran kasuwar Bukkuyum."

"In dafa tuwo, in dafa miya, in dafa ruwa? Gobe sai ka ce in soya maka iska! Ruwan da anka dafa ya mutu, yaro. Wanda yash sha shi ko mafarkin akuya ba shi yi. Kuma wa yac ce maka ban tacewa? Ga matacina can."

Ta nuna wani tsohon kallabi da ke rataye a dangar kara. Atiku ya ɗaga shi, ya leƙo ta ta cikin wata huda.

"Ina ganinki sarai, amarya. Wanga ko kwaɗo ya bi ta ciki bai sunkuya ba."

Ana cikin haka Asabe ta taka dagwal-dagwal ta isa randa, ta ɗauki moɗar da ke gefe da sauran ruwa a ciki, ta nufi baki da ita. Atiku ya yi wuf ya fizge. Moɗa ta faɗi, yarinya ta tsage da kuka.

Nan barci ya saki Marka. Bara waccan a tsakar gidan nan aka yaye Nuhu, wan Asabe, zawo ya kama shi, bai tashi ba. Kowa ya ce kewar nono ce, ita ma haka ta ce, ta yi ta ɗura masa ruwan randar nan don ya sami sanyi. Yanzu ta gane abin da jikanta ya zo da shi a ciki yana rufewa da wasa. Yana tsoro, amma ya kawo mata yarinyar, don kada gari ya ce an cire hannun tsohuwa daga yaye. Tausayinsa ya kama ta.

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Aka ji buɗe adudu, sai kuma ƙyat, ƙarar yage sabon yadi. Ta fito da kamu guda na farin alawayyo, saƙarsa a matse, ko haske da kyar yake ratsawa.

Atiku ya gane shi. Wasa ya ɓace masa.

"Kaka, likkafaninki na!"

"Sa'ad da nis saye shi ina da ƙiba. Yanzu na tsuke, ya yi min yawa." Ta ɗaura yadin a bakin sabuwar tukunya, ta ɗauki Asabe ta saɓa a kafaɗa. "Gajimaren ma sai su yi haƙuri su bi ta nan."

"In bai ishe ki ba fa ranar?"

Marka ta ƙyalƙyale da dariya, idonta na ruwa.

"In ƙafafuna sun leƙo, ka tuɓe rigarka ka ruhe min, mi ad amfanin miji? Tashi hura min wuta, rago, ɗiyata na jin ƙishirwa."